Albert na Magnitka

Bayan sadakar arba'in ɗin mahaifinsa, Marat ya tafi shagon Tolya mai sassaƙa duwatsun kabari. Ko zama bai yi ba sai ga Gwaggo Venera, ƙanwar mahaifinsa, ta biyo sawunsa da sanda tana haki.

Wasiyyar tsohon ɗaya ce tak. Shekara arba'in da ɗaya ya yi a bakin tanderun narka ƙarfe, bai fito da komai ba sai tari, kuma abin da ya roƙa kawai a rubuta masa a dutse: Albert na Magnitka.

"Ba za a rubuta ba," in ji Gwaggo. "Sunan da liman ya raɗa masa Gabdulla ne. Albert ɗin nan a jarida uwarmu ta tsinto. So kake mala'iku su zo su tarar da sunan Bature?"

"To Gwaggo, Venerar taki daga wace sura aka ciro ta?" in ji Marat.

Tolya ya sunkuya, wai kurfin sassaƙa yake nema.

"Rufe min baki, marar kunya! Kuma garin nan Magnitogorsk yake. Magnitka ai kiran 'yan tasha ne."

Marat ba mai dogon zance ba ne, amma ranar ya yi.

"Magnitogorsk na taswira ne da mutanen Mosko. Duk wanda ya shaƙi hayaƙin nan Magnitka yake cewa. Suna kuwa na aro ne, na yarda. Amma shekara saba'in yana wuyansa, da guminsa ya wanke shi. Ni a wurin aiki in aka ce Marat Albertovich, wato ɗan Albert, tsofaffi juyowa suke su miƙo min hannu. Abokansa su zo ziyara su yi ta bulayin neman wani Gabdulla?"

Gwaggo ta murza kan sandarta. Ita kanta tun suna yara Alik take ce masa, wato Albert a taƙaice.

"Akwai ɗan fili a sama, ƙarƙashin jinjirin watan da ke jikin dutsen," Tolya ya faɗa a hankali.

Ta daɗe tana kallon dutsen.

"Sa Gabdulla a nan da rubutun Larabci, ƙanana. Mala'iku idonsu garau yake. Waɗancan tsofaffin ne ba sa gani, su za ka yi wa manyan haruffa."

"Garin fa, Inna?" in ji Tolya.

"Magnitka mana! Ce maka aka yi daga Mosko aka kawo ni? Kuma ka karkatar da harafi ɗaya ka ga aikin sandar nan."

Marat ya ɗauki alli ya miƙa wa Tolya.