Rabon da Malama Corinne ta zubar

Malama Corinne ta zubar da rabonta na babban kifin teku, wanda ake kira whale, a bola. Kaka Masu ce ta kai mata shi da hannunta, fata da kitse, irin yankan da ake ba baƙon da ake so ya zauna. Malamar ta shinshina, ta ɗauka ya lalace. Da safe karnuka suka jawo shi tsakiyar hanya, kowa ya gani.

A wurinmu, nan ƙasar ƙanƙara, kifin shi yake ba da kansa ga mafarauta, kuma ba ya komawa inda aka wulaƙanta shi. Uyagak, mijin Masu, shi ne shugaban kwalekwalen da ya kamo wancan. Bana mutanensa suna bakin ƙanƙarar teku tun farkon lokacin farauta, kifaye na wucewa nesa, naman da muke ajiyewa a rumbunan ƙarƙashin ƙasa ya kusa ƙarewa. Uyagak ya ɗora wa malamar laifi, ya hana jikokinsa zuwa makaranta. Sauran gidaje suka bi shi.

Malamar takan kunna fitilun aji, ta jera kujeru, ta zauna ita kaɗai. Hukumar makarantu ta kira ta: in yara ba su dawo ba, jirgi mai zuwa zai ɗauke ta. Ta sayar da komai nata kafin ta zo, ba ta da inda za ta koma.

Sai ta je bola ta tona dusar ƙanƙara da hannu, har ta samo guntun da karnuka suka rage. Ta wanke shi, ta nufi gidan Uyagak. Ina can, muna gyaran igiyar mashi.

"Kaka, ban sani ba," ta ce. "Babu wanda ya gaya mini."

"Kin tambaya?" in ji Masu. "Hanci kika tambaya, 'yar nan."

Malamar ta yanka naman, ta sa a baki. Ta daɗe tana tauna. Hawaye na zuba, maƙogwaro na ƙin karɓa, ta haɗiye da ƙyar, ta sake yankawa.

"A hankali," in ji Masu, "kada ki mayar mini da shi a daɓe. Bola ta fi ki iya riƙewa."

Duk da haka ta tura mata gishiri da shayi. Ta dubi mijinta. "Tsoho, ka gani ai. Ragowar kare ta ci."

Uyagak bai ɗaga kai daga igiyar ba.

Malamar ta durƙusa. Yatsunta sun yi fari saboda sanyi. "Baba, yaro ɗaya kawai. Ɗaya ya zo gobe, 'yan hukuma su ga ajin da rai. In sun ɗauke ni, na shiga uku."

"Ni na ga kin ci," ya ce. "Kifin bai gani ba. In ya zo, yara za su zo."

"In bai zo ba kafin jirgin fa? Don Allah, Baba."

Ya ƙulle igiyar, ya ja ta da ƙarfi.

"A'a. Ko ɗaya ba zan tura ba."