Ramuwa ko Ramewa

Lokotoron bai yi ƙarya ba, amma wallahi bai taɓa leƙa tukunyar Rakiatou ba. Da ya gama auna mijinta Hamadou, ya ce ciwon suga ne. Ya rubuta magani, ya ɗaga yatsu uku: sau uku a rana, kowane a tsakiyar cin abinci. In ya sha da ciki wayam, jiri zai kwashe shi ko yana kan sitiyari.

Sau uku! A Libreville, inda albasa ma sai ta yi tafiyar kwana da kwanaki kafin ta iso kasuwa? Hamadou takasin wani yake ja. Abin da yake kawowa ɗakinsu na unguwar Lalala dā can ma girki biyu yake yi da ƙyar, yanzu kuma farmasi ta lashe rabi. Ga yara biyu 'yan lakwal, wato makaranta, ba a taɓa rabonsu. Rakiatou ta duba gabas ta duba yamma, ba ta ga kwanon da za a rage ba sai nata.

Sai ta ce ramuwar azumi take yi. Wa zai yi gardama da mace a kan ramuwarta? Da safe ta miƙa masa burodi da ƙwayar maganinsa, da rana ta cusa masa rogo a leda ya tafi da shi. Da magariba ta kurɓi ruwan shayi, ta kankare ƙanzon shinkafa, ta ce alhamdu lillahi.

Maƙwabciyarta Fadimatou, mai bakin tsiya, ta kalle ta a bakin famfo ta ce, "Ke 'yar'uwa, wannan ramuwa ce ko ramewa? Zanenki ya kusa zagaye ki sau uku." Rakiatou ta yi dariya, amma maganar ta soke ta, don ranar sai da ta huta sau biyu kafin ta kai bokiti ƙofa.

Shi kuwa Hamadou ya warware. Ƙafa ta daina yi masa zugi, ya koma aiki sosai. Wannan kaɗai take kallo ta ji sanyi a ranta.

Ran wata Juma'a bayan la'asar, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya dawo da wuri. Ta ajiye masa kwano da ƙwaya a gefe. Bai taɓa ba.

"Rakiya, Ramadan kwana nawa ne?"

"Talatin mana, Maigida. In ya yi nuƙusani, ashirin da tara."

"To yau ramuwarki kwana talatin da huɗu."

Kunya da tsoro suka rufe ta. Ta ce akwai na bara, akwai na goyon ɗansu Ismaïl. Ya bar ta ta gama ƙaryarta, idonsa a kan wuyan hannunta.

"Ni kike ciyarwa da jikinki," ya ce a hankali.

"In ka faɗi, mu duka mun faɗi. Don girman Allah ka ci ka sha maganinka."

Ya ɗauki ƙwayar ya mayar cikin kwalinta, ya tura mata kwanon har ya taɓa gwiwarta.

"Karya azumin, ki ci. Ni ma ana bina azumi. Gobe zan fara."