Malam Albert da Harafin da Ba Ya Magana

Shekara talatin da ɗaya Malam Albert Bako ya yi yana koyar da Turanci a makarantun sakandare kafin ya yi ritaya. Zaman gida bai karɓe shi ba. Wata uku kacal ya iya jurewa, sai ya je ya sami fasto ya roƙi aron aji ɗaya a makarantar cocinsu da ke unguwar Television. Nan ya buɗe ajin manya, Litinin da Laraba da Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma. Ɗalibansa goma sha huɗu ne, teloli da masu kitso da 'yan kasuwa da direba ɗaya, duk mutanen da karatu ya wuce su tun suna yara, Hausa da Turancin Burokin suka riƙe su har suka girma.

'Yarsa Diana, wadda take aikin nas, ta daɗe tana damunsa da maganar shafukan intanet na koyar da Turanci. Ta ce akwai ƙamus mai magana, akwai gajerun labarai da ake karantawa a ji, duk kyauta. Kullum amsarsa ɗaya ce.

"Malamin da ya koya mini, a bakin Turawan mishan ya ɗauko Turancinsa. Me waya za ta gaya mini?"

A cikin ɗaliban akwai Wilfred, mai gyaran famfo daga unguwar Makera, mutumin Filato, mai mata da 'ya'ya uku. Hannunsa yana da kyau a aiki, amma aikin ba kullum ba, yau a kira shi gobe shiru. Sai ga wani sabon otal yana neman mai gyaran famfo na dindindin. An ce manajar Baturiya ce, ba ta jin Hausa ba ta jin Burokin, kuma ita da kanta take ganawa da masu neman aikin. Wilfred ya kawo kukansa aji, Malam Albert ya ɗauki abin kamar nasa. Sati biyu yana tsayar da shi a gaban allo yana yi masa tambayoyi, shi kuma yana amsawa da Turanci: sunana wane, shekarata goma sha biyar a wannan sana'a, ni mai gyaran famfo ne.

A kan wannan jimla ta ƙarshe aka ɗan sami tangarɗa. Ranar farko Wilfred ya ce, "I am a plama."

Malam Albert ya ɗaga hannu. Ya juya ya rubuta plumber a allo da manyan haruffa, ya ja layi biyu a ƙarƙashin harafin b.

"Wannan fa? Ado aka sa shi? Kai da sana'arka ba ka iya sunanta ba! Plam-ba. Maimaita."

Aji ya yi dariya. Wilfred ya sosa ƙeya ya maimaita sau biyar, har b ɗin yana fita da ƙarfi kamar an fasa leda.

Ranar Laraba da ƙarfe goma sha ɗaya aka sa wa Wilfred ganawar. Da safiyar ranar Malam Albert ya tashi muryarsa ta dushe, domin ruwan sama ya doke shi a hanyar dawowa daga aji ranar Litinin. Ya sha ruwan citta kofi biyu, bai ga canji ba. Ga shi da yamma yana da darasin karatu da babbar murya.

Diana ba ta da aiki ranar. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta zo ta zauna kusa da shi.

"Baba, yau dai ba ka da mafita. Bari in nuna maka. Ka tafi da 'yar lasifikata, shafin ya karanta musu, kai kuma ka huta da maƙogwaro."

Ya yi tsaki a hankali, amma ya sa tabarau. Ta buɗe shafin ƙamus a wayarsa, ta nuna masa inda ake rubuta kalma, da 'yar alamar lasifika guda biyu, ɗaya kusa da tutar Ingila ɗaya kusa da ta Amurka. Ta ce ya gwada kowace kalma ya ga dama. Niyyarsa ya kama abin da kuskure ya huta da surutunta. Da yake Wilfred ne a ransa tun da ya farka, sai ya rubuta plumber, ya danna.

Muryar wata mata ta fito tas. "Plama."

Ya dubi Diana. Ya sake dannawa. Haka ta sake faɗa. Ya danna ta Amurka, wani namiji ya faɗa da ɗan jan harshe a ƙarshe, amma shi ma babu b ko ƙamshinsa.

"Wayar ce ba ta da kyau," ya ce cikin raɗa.

Ya tashi ya ɗauko tsohon ƙamusunsa daga saman kabad, wanda bangonsa ya rabu aka ɗaure da salatif. Ya bi shafuka da yatsa har ya kai wurin. Ga alamomin furuci nan a gefen kalmar, ƙanana, inda suke tun ranar da ya sayi littafin. Babu b. Bai taɓa dubawa ba, saboda bai taɓa shakka ba.

Ya zauna a bakin kujera. Ɗalibai nawa suka bi ta hannunsa? Amma ba su ne suka fi tsaya masa ba. Wilfred ne, wanda ya faɗi daidai aka yi masa dariya, yanzu kuma zai je ya tsaya gaban mai harshen ya kasa kiran sunan sana'arsa. Ya dubi agogon bango. Goma saura kwata.

Ya kira lambar Wilfred, a kashe. Shi da kansa ya ce masa ya kashe waya tun daga gida, kada ta yi ƙara a ofis. Ya zura takalmi ya ɗauki hula.

"Baba, kalma ɗaya ce fa," in ji Diana. "Ba za a hana mutum aiki a kan harafi ɗaya ba."

"Ke ba ki san Bature ba," ya ce, ya fita.

Ya tari keke mai ƙafa uku a bakin titi zuwa Makera. Hanya ta cika da taɓo, ga wata tirela ta maƙale kusa da gareji, sai da suka yi kusan minti ashirin a tsaye. Da ya isa gidan, matar Wilfred, Faith, tana shanya a tsakar gida. Ta ce ai tun tara ya fita, da farar rigarsa ta zuwa coci. Ta ga fuskarsa ta saki zanen da ke hannunta.

"Baba, lafiya? Wani abu ya faru?"

"Lafiya lau, 'yata. Saƙo ne na manta ban ba shi ba."

Wani keken ya kai shi otal ɗin sha ɗaya da minti goma. Mai gadi ya ce an riga an shiga da masu neman aiki, kuma ba a shiga sai da takarda. Ya ga dattijo ne yana haki, sai ya turo masa benci a inuwar katanga. Malam Albert ya zauna. Yana ta ganin abin a ransa: Baturiya ta ɗaga gira, ta ce ya maimaita, Wilfred ya maimaita da ƙarfi yadda aka koya masa, ta yi murmushi ta ture takardarsa gefe. Ya yi addu'a gajera, ya ce in akwai kunya a sha, shi ya sha ta, kada ta faɗa kan mai 'ya'ya uku.

Mutum biyu suka fito, ba su yi magana da kowa ba. Sha biyu ta wuce. Can sai ga Wilfred, farar rigar nan ta jiƙe har kafaɗa, wandonsa a naɗe, gwiwa duk laka. Malam Albert ya miƙe tsaye. Amma mutumin baki har kunne.

"Baba! Me ya kawo ka nan?"

"Yaya aka yi?" Muryar da ƙyar ta fito.

"Litinin zan fara! Tambaya huɗu ta yi mini, duk cikin waɗanda muka yi a aji. Daga nan ta kai mu bayan kicin, akwai bututun da yake yoyo tun jiya, ta ce wa zai iya. Sauran suna duban rigunansu, ni na durƙusa."

Malam Albert ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, har mai gadi ya waiwayo. Ya kama hannun Wilfred ya zaunar da shi a bencin, bai damu da lakar ba.

"Wilfred, na yi maka laifi. Kalmar nan, kai ne da gaskiya. Ba a faɗar b ɗin. Yau da safe na gano. Na zo in gaya maka ne ban same ka ba."

Wilfred ya sunkuyar da kai yana murza babban yatsansa.

"Baba, ai na sani."

"Ka sani?"

"Ina kallon bidiyon masu gyaran famfo na ƙasashen waje a waya, don in ga sababbin kayan aiki. Kullum haka suke faɗa. A ciki ma yadda suke faɗa na faɗa mata."

"To me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Haba Baba. A gaban aji? Kai da ka zaunar da ni sati biyu kana fama da ni?"

Malam Albert ya ji kunya ta kama shi, amma nauyin da ya ɗauko tun daga gida ya sauka gaba ɗaya. Dariya ta taso masa, ta fito a shaƙe kamar kukan agwagwa, Wilfred ma ya kama, har mai gadi ya taya su bai san dalili ba.

Ƙarfe huɗu ya shiga aji da lasifikar Diana a aljihu. Ya rubuta kalmar a allo kamar wancan karon, ya kira Wilfred ya tsaya kusa da shi. Da guntuwar muryar da ta rage masa ya ce ranar nan sun yi wa wannan mutumin dariya, alhali malaminsu ya kamata su yi wa. Sannan ya danna alamar, muryar matar ta cika ajin.

Sai Mama Lizzy, mai sayar da busasshen kifi, wadda ta girme wa kowa a ajin, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta.

"To Malam, su da suka san ba za su faɗe shi ba, me ya sa suka rubuta? Wahalar da mutane kawai!"

Aji ya fashe da dariya, wannan karon har da shi. Ya ce wannan tambayar ta fi ƙarfinsa, amma bari su ga ko akwai wasu irinta. Direban ya kawo kalmar hawa, climb, ita ma b ɗinta shiru. Mai kitso ta ce a duba ta mataji, comb, haka nan. Duk wadda aka samu sai a yi shewa kamar an kama ɓarawon kaza. Da suka zo kan tumatir, muryar Ingila ta faɗi nata, ta Amurka ta faɗi wani daban, Mama Lizzy ta tafa hannu ta ce ashe su ma ba su gama shiryawa tsakaninsu ba.

Malam Albert ya jingina da tebur yana kallonsu sun yi cincirindo a kan waya ɗaya, kowa yana so a sa tasa. Ko kalma goma bai furta ba tun da aka fara neman kalmomin, amma bai taɓa jin ajin yana Turanci haka ba. Ya miƙa wa Wilfred alli ya ce ya riƙa rubuta duk wadda aka samu a allo.

Hadari ya haɗo ta gabas, mai shara ta leƙo sau biyu tana jiran a ba ta ɗakin. Sai shida saura suka tashi, kalma goma sha tara a allo. Ya roƙe ta kada ta goge, ya kulle tagogi, ya bi bayan ɗalibansa da sauri kafin ruwa ya sauko.