Allon da Na Sayo wa Luba

Ni ne Nababa, kuma duk wanda ya san karar shanu daga Makoda zuwa Dambatta ya san ba a cutata. Ban taɓa zama a aji ba, sunana ma in an rubuta da boko sai an karanta min. Amma a kawo sa, in ja da baya in dube shi sau ɗaya, zan gaya maka shekarunsa da abin da ya ci jiya. Na ga farin da ya sa mutane tonon gidan tururuwa, ban mutu ba. Na ga cutar da ta share garkuna, na fito da saniyata a tsaye. Saboda haka shekarar da man fetur ya tashi, masara ta gagari talaka, samari suka yi ta kuka, ni dariya na yi. Na ce wannan ai yayyafi ne.

A shekarar ne ɗanmu Abdussalam ya tafi Libiya aikin gini. Shi ne ɗan fari a wurin matata Luba, kuma Luba mutuniyar dā ce. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallon fuskarsa a gaban mutane ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan." Ran da zai tafi ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ta ce "Allah ya kiyaye" tana ta tsintar wake, ko kai ba ta ɗaga ba.

Bayan tafiyarsa idonta ya soma dushewa. Na kai ta asibiti, likita ya haska ya ce, "Baba, wannan ba yanar ido ba ce da za a kankare. Jijiyar ce take mutuwa. A yi ta ɗiga magani, amma abin da take son gani ta gani yanzu." Abu sai ya zama babba, kuma ta kawo shi dab da hancinta, sannan take gane shi.

Abdussalam yana turo hotuna ta wayar Mika'ilu, maƙwabcinmu mai shagon cajin waya. Wata rana Mika'ilu ya kawo mana sabon hoto, ya ajiye wayar a tabarma muka fita salla. Na dawo ɗaukar carbina, sai na tarar da Luba a bayan rumbu, ta manna wayar a fuskarta tana jujjuya ta.

"Me kike nema?" na ce.

"Lokaci nake dubawa, Malam."

"Yaushe kika iya duba lokaci?"

Ta ajiye wayar. Can ta ce, "Abin ƙarami ne. Kamar ƙwayar gyaɗa."

Na ɗauki carbina na fita. Amma a ranar na ce a majalisa, a gaban kowa, sai na kawo gilashin da zai nuna mata wancan kamar yana zaune a gabanta. Mika'ilu ya ce akwai allon kwamfuta babba, in an samu zai jona da 'yar kwamfutarsa da batirin sola. Ya ce in jira ranar da zai rufe shago mu je birni tare.

"Ni za a raka kasuwa?" na ce. "Ina ciniki ubanka yana rarrafe."

Na sayar da ragon da na turke, na ɗora da geron da bai kamata a taɓa ba a tsakiyar damina, na hau mota.

A layin masu kwamfuta na ga abin da ya tsayar da ni. Wani ƙaton hoto ne a ƙofar shago, fuskar wani tsoho a cikin allo, kowane gashin gemunsa a ware, har jijiyar farin idonsa ana gani. A gefe an rubuta wata lamba da harafi, manya-manya, da ruwan zinariya. Mai shagon ya fito yana murmushi.

"Alhaji, ka san kaya! Wannan shi ake kira fo-ke. Babu sama da shi. Ko ƙuda ya sauka a hancin mutum sai ka ƙirga ƙafafunsa."

"Ban je Makka ba tukuna," na ce, "kuma ba na sayen sa a cikin buhu. Buɗe."

Ya farke kwali mai irin wannan rubutun na zinariya, ya jona wuta, ya saka hoton wata gona da dawakai. Sai na yi abin da na yi duk rayuwata. Na ja da baya. Mai sayen dabba ba ya manna ido a jikinta, baya yake ja ya ga tsayuwarta. Na ja har bakin titi, na karkata kai, na duba ta hagu, na duba ta dama. Kore shar, dawakai kamar su fito. Na dawo na ƙwanƙwasa bayansa, na ɗaga na ji nauyi, na murɗe shi a ciniki har ya riƙe kai yana cewa na kashe shi. Na ce na saya, ya ce Allah ya sa albarka.

A cinyata na riƙo shi har Makoda, ban yarda an sa a but ɗin mota ba.

Washegari da hantsi gidana ya cika, don babu wanda ban gaya wa ba. Mika'ilu ya jera wayoyinsa a rumfa, ya kunna, sai ga Abdussalam ya cika allo, da hular gini a kansa. Mata suka yi salati. Wani ya ce, "Nababa ka yi abin kai!" Na ce kaɗan kuka gani. Luba kuwa tana ɗaki, ta ce aiki take yi. Sai da na kori kowa, Mika'ilu ya koma zaure, sannan ta fito tana laluben bango.

Ta durƙusa a gaban allon. Ta matsa, ta ƙara matsawa, har numfashinta yana taɓa gilashin. Ta daɗe a haka. Ta bi ta sama, ta bi ta ƙasa.

"Malam, an rufe shi da rariya ne?"

"Wace rariya? Ga shi nan ɓaro-ɓaro!"

"Ni ɗigo-ɗigo nake gani. Kamar saƙar tabarma. Ina idon yake?"

Na zo na durƙusa kusa da ita, na kai fuskata inda tata take. Wallahi babu ɗana a wurin. 'Yan gidaje ne ƙanana, ja da kore da shuɗi, a jere kamar kunyoyin gona, da baƙin layi a tsakaninsu. In ka ja baya su haɗu su zama mutum. In ka matso su watse. Ita kuma in ta ja baya, hazo ne kawai.

Na ƙwala wa Mika'ilu kira. Ya danna nan ya danna can, ya juya kwalin, ya kai ido wata kusurwa inda aka yi rubutu ƙanana kamar kashin ƙuda.

"Baba, nan sun ce yana karɓar hoton fo-ke. Ba su ce yana nunawa ba. Kamar ka juye buhu a mudu ne, zai karɓa, amma mudu ɗaya zai riƙe, saura ya zube. Na gaskiyar ɗigonsa ƙanana ne, ko ka manna ido ba ka ganinsu."

"To hoton tsohon da ke ƙofar shago fa?"

"Wannan a takarda aka buga shi, Baba."

Na koma birni da kwalin a ka. Na yi faɗan da ya tara layin gaba ɗaya. Mai shagon bai ko ɗaga murya ba. Ya nuna min rubutun ƙanana da farcensa, ya ce, "Kai ka ce a buɗe, aka buɗe. Ka duba da idonka, ka ce ka saya, na ce Allah ya sa albarka. Ciniki ya faɗa, Baba." Maganar da ni kaina na sha gaya wa mutane a kara ke nan. Ya nuna min na gaskiyar a saman kanta, kuɗinsa sai an haɗa da saniya. Na ce a raina bari kaka ta yi, in gyaɗa ta yi kyau zan dawo in ba shi kunya.

Dawa ba ta gama nuna ba idon Luba ya rufe.

Allon yana nan a ɗakina, an lulluɓe shi da zane. Masu kallon ƙwallo sun taya, na hana. Ran nan Abdussalam ya turo sabon hoto, Mika'ilu ya zo ya jona ya fita. Luba tana zaune a bakin gado, fuskarta tana kallon wajen da ba nan allon yake ba.

"Malam, kai da kake gani daga nesa, yaya wancan yake?"

Na gyara murya. "Ai ya zama ƙato! Ya yi fari, ya yi kumatu, Larabawan nan ma gaishe shi suke..."

"Malam," ta ce, "ban da gishiri."

Na ja da baya har bakin ƙofa, na dube shi da kyau.

"Ya rame," na ce. "Wuyansa ya yi tsawo. Akwai furfura a gefen gemunsa, ta hagu. Leɓensa ya tsage. Amma yana dariya, irin wadda yake rufe ido ɗaya."

"Yana rufe ido in zai yi dariya?"

"Tun yana yaro."

Ta murza bakin zanenta.

"Wane idon?" ta ce.