Hular Baba a Bakin Injin

"Baba, kashe ta! Don girman Allah kashe ta!"

Ihu nake iya ƙarfina, amma ko ni ban ji muryata ba. Motar na ta ruri a tsakar gida, an ɗage bayanta a kan guntayen katako, tayoyin na juyawa a iska, hancinta kuma na kallon bangon ɗakinmu. Bayan bangon nan gadon Inna yake, mahaifiyata, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar tun bara. Ni kaɗai ba na iya ɗaga ta.

"Makulli ba zai yi ba!" in ji Baba Bakanike. "Kai tsaye na haɗa wutar!"

Gidan haya ɗaya muke da shi. Da likita ya ce zuciyarsa ta kumbura, ya daina zuwa gareji, sai kawai mutumin nan ya kwaso garejin ya dawo mana da shi gida. Ya sa wa tsohuwar motarsa injin da ya fi nata girma, sannan ya ce injin ba ya samun iska. Ni tela ce, ina ruwana da iskar injin? Amma ranar da ya kawo mini hularsa in gyara mata baki, sai da ya zaunar da ni gaban maƙogwaron totur iri-iri da ya baje a tabarma.

"Kin ga faifan ƙarfen nan na ciki, 'yata? In an taka totur ya buɗe, iska ta shiga. In an saki, sifirin ya mayar da shi ya rufe. Ƙaramin maƙogwaro shaƙe injin yake, babba kuma sai mota ta riƙa zabura kamar an mintsine ta."

"To ka ɗauki na tsakiya mana."

"Ke dai ɗinki kika iya."

Babban ya ɗauka, har jikinsa na rawa. Ramukan notinsa ba su hau na injin ba, sai ya yanko farantin ƙarfe, ya huda masa rami, ya sa a tsakani. Ƙarar gugar ƙarfe ta hana Inna barcin rana, na yi mita har bakina ya gaji. Da safiyar ranar da abin ya faru na ji matarsa na cewa, "Malam, ba kai ka ce ramin bai gama faɗi ba?" Ya ce, "Ɗan gwaji ne kawai, gobe in ƙarasa gogewa."

Ya tayar da motar, ya sa mata giya, ya zagayo gaba, ya ja totur da hannu har ƙarshe. Faifan ya buɗe, ya maƙale a leɓen farantin, ya ƙi komawa.

Da idona na ga katako ɗaya ya fara zamewa. Na faɗa ɗaki da gudu, na cusa hannuwa ƙarƙashin Inna, na ja, ko motsi ba ta yi ba. Kwanoni na ta karkarwa a kan kantar ɗakin. Ta zuba mini ido, bakinta a karkace, tana son tambaya ta kasa. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, na rungume ta ina salati.

Ta taga na hango shi. Maimakon ya kauce, sai ya shige tsakanin motar da bangonmu. Ya buga wa faifan sifana, bai saki ba. Matarsa na kuka tana cewa ya fito. Sai ya cire hularsa, ya ninke, ya danna a bakin maƙogwaron da tafukansa biyu, ya ɗora duk nauyinsa. Injin ya zuƙi hular, ya yi gurnani, ya sarƙe, motar ta girgiza, sannan ya mutu. Tayoyin suka ɗan ƙara juyawa, suka tsaya.

Da na fito yana zaune a ƙasa, ya jingina da bangonmu, zufa ta jiƙe masa riga, hannunsa dafe da ƙirji.

"'Yata, tsohuwa lafiya?"

"Lafiya lau, Baba. Kai fa?"

"Ki ba ta haƙuri. Na hana ta barci."

Matarsa ta kawo ruwa, ya kurɓa, ya zubo ta gefen baki. Na fita titi ba takalmi, ina tare motoci kamar mahaukaciya, ga mota a tsakar gidanmu ba ta da amfani. Kafin in dawo da mai tasi, an rufe masa fuska da mayafin matarsa.

Na yi kuka, kuma na ji haushinsa, har yanzu ban san wanda ya fi yawa ba. Inna kuwa in rana ta take sai ta juya ido wajen bango, ta kasa kunne, barcin bai zuwa.

Motar na nan inda ya bar ta, bonet a ɗage, ba wanda ya yarda ya taɓa. In na fita shanya ina ganin hular, rabinta a cikin maƙogwaron, rabi a waje, da farin zaren da na kama mata baki da shi.