Doguwar Sujada a Tashar Mota

Malam Kalilu ya samu gefen taga a motar Argungu, ya buɗe littafinsa yana jiran ta cika. Saura mutum biyu, kuma a tashar Birnin Kebbi jiran mutum biyu na iya cinye hantsi.

Tun yana ɗalibi ya sayi littafin wurin Ndubuisi, zamanin da Ndubuisi ke baza tsofaffin littattafai a bakin kasuwa. Yanzu cajar waya yake sayarwa. Labarin wani birni ne a wata duniyar, inda mutum-mutumin ƙarfe suka karɓe mulki, suna tsallake wanda ya faɗi a titi ba ko waiwaye. Su Kalilu kan zauna gindin darbejiya su yi ta gardama a kansa, rediyo ɗaya tsakanin mutum goma. Sun yanke cewa wannan sai ƙasar Turawa. A nan, tari ɗaya za ka yi a kasuwa mutum biyar su yi maka sannu.

Ya ɗaga kai. Gefen rumfar 'yan kamasho wani tsoho yana sujada a kan buzu. Tun kafin ya buɗe littafin haka ya gan shi. Mutane na kewaye shi ta baya cikin ladabi, kada su gitta gaban mai salla. Mai turin baro ma sai da ya karkata. Waya ta yi ƙara a aljihun tsohon, ta katse, ta sake.

"Hodi," Kalilu ya ce da direba, "dattijon can hwa bai ɗago ba."

"Mi ruwanmu da mai ganawa da Ubangijinai, Malam?"

Wata mata a baya, idonta na kan waya, ta ce, "Allah shi ba mu irin wanga tsoron Allah."

Kalilu ya koma littafinsa, amma layi guda ya yi ta maimaitawa. Marubucin dai ya yi kuskure: ya ɗauka sai da zuciyar ƙarfe ake tsallake wanda ya faɗi. Bai san da ladabi ma ana iya yi ba.

Fasinja biyu suka iso, Hodi ya tada mota.

"Dakata in sauka."

"In ka sauka kujera ta tahi hwa, Malam."

Ya sauka, mota ta tafi. Ya durƙusa kusa da buzun.

"Baba. Baba!"

Yana taɓa kafaɗarsa tsohon ya kife gefe guda, jiki zafi zau, numfashi sama-sama. Nan take jama'a suka kewaye su, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar bidiyo.

"Jama'a, a kama mani ƙahwahunai mu sa shi a Keke Napep, asibiti za mu!"

Ya bi su da kallo yana neman hannun da ba komai a ciki. Wani saurayi mai tsabtar kaya ya matso, ya ɗan rusuna.

"Malam, don Allah ɗan gusa kaɗan. Ka tare huskatai."