Notin Da Ya Kalli Ƙasa

Ɗan notin yana kallon ƙasa. Shi na fara gani ina wucewa da bokitin wanki zuwa igiyar shanya. An cire tayoyin gaba, motar na tsaye kan ƙafafun ƙarfe biyu a tsakar gida, ga sabon gidan birki yana sheƙi, wato ƙarfen nan mai nauyi da ke rungume faifan taya ya matse shi idan an taka birki. A jikinsa akwai ɗan noti mai hular roba, wanda ake kwancewa a fitar da iska. Na wuce na shanya zani biyu, na dawo na sake leƙawa. Yana nan a ƙasa. Na zagaya ɗaya gefen, shi ma haka.

Jiya ne ofishin duba lafiyar motoci suka hana Yaya takarda. Sun ce birkin gaba yana yoyon mai, ya gyara ya dawo. Ya sayo sababbi guda biyu, ya ce shi zai ɗaura da hannunsa. Gobe kuma da hantsi zai ɗauki Umma da 'ya'yansa mata biyu zuwa duba ƙanwar Umma da aka sallamo daga asibiti. Tafiyar awa huɗu ce, kuma akwai wata doguwar gangara a hanyar wadda Umma ba ta buɗe ido sai an wuce ta.

Tun safe suke fama shi da Injiniya, maƙwabcinmu. Fenti yake sayarwa a kasuwa. Sunan ya bi shi ne saboda ba a taɓa buɗe bonet a layinmu bai fito da kujerarsa ba.

Sau uku suna fitar da iska, birkin bai tsaya ba. In Yaya ya taka, sai fedar ta nutse har ƙasa kamar an taka katifa.

"In ka taka sau biyu yana kamawa," in ji Yaya daga cikin mota.

"To me ya rage?" in ji Injiniya. "Sabon kaya ne, sai ya saba da hanya. Ni tawa da na gyara sai da ta yi mako guda kafin ta hankalta."

"Takardar fa?"

"Bar ni da takarda. Akwai wanda na sani, ko motar ba ta je ba zai buga hatimi."

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. A gidanmu an san ni da shiru. Shekara huɗu na yi a jami'a, ban taɓa ɗaga hannu a aji ba sai an kira sunana. Na buɗe littafin gyaran motar da Yaya ya sa na sauke masa a waya, wanda bai karanta ba. A hoton, ɗan notin yana sama. Ko babu hoto ma abin a fili yake: iska a cikin mai sama take tashi. In ƙofar fitarta tana ƙasa, ko kwana za a yi ana takawa, mai ne zai fita, iskar ta zauna abinta. Na dama suka ɗaura a hagu, na hagu a dama. Ƙusoshin kuwa sun shiga daidai, shi ya sa babu wanda ya yi zargin komai.

Makullin motar yana kan tagar falo. Da na fito na ɗauke shi na sa a aljihun siket.

Kafin azahar sun mayar da tayoyi sun sauke motar. Yaya ya goge hannu da tsumma, ya laluba kan taga.

"Auta, kin ga makulli?"

"Yana wurina."

"Miƙo, zan je shan mai."

"Ba zan bayar ba, Yaya."

Ya juyo ya dube ni kamar kujera ce ta yi magana. Shekara goma sha ɗaya ya ba ni, shi ya riƙa kai ni makaranta a kan keke.

"Me kika ce?"

"An juya gidan birkin. Na dama yana hagu. Notin iskar yana ƙasa, shi ya sa ba ta fita."

Injiniya ya tuntsire da dariya har ya buga cinya. "Ikon Allah! Malama 'yar boko, yaushe aka buɗe miki gareji ba a gayyace mu ba? Ƙarfe ai ba shi da dama da hagu, ba takalmi ba ne."

"Wannan yana da su, Baba. Akwai alama a bayansa."

"Auta," in ji Yaya, ya rage murya, "kada ki ba ni kunya gaban mutane. Ba ni makulli."

"Umma ba za ta shiga motar nan ba. Yaran ma ba za su shiga ba."

"Motarki ce?"

"Uwata ce."

Ban san ta ina maganar ta fito ba. Ya tako har gabana, ina jin ƙaurin man birki a rigarsa. Na dafe aljihu da hannu biyu, idona a kan yatsun ƙafarsa, amma ban matsa ba.

Umma ta ɗaga labule. Ashe tana ji.

"Mene ne kuma?"

"'Yarki ce ta zama bakanike," in ji Yaya. "To shi ke nan. Tunda kin fi kowa sani, ga kaya nan, gyara. Amma wallahi ba zan sa miki hannu ba." Ya jawo benci ya zauna a inuwa, ya harɗe ƙafa.

Na ɗauka Umma za ta ce in ba shi haƙuri. Sai ta ce, "Cire wannan mayafin ki ɗaura ɗankwali, kada ya shiga cikin ƙarfe."

Ban taɓa kwance taya ba. Na jingina wayar a jikin bulo ina bin littafin layi layi. Na ja birkin hannu, na tokare tayoyin baya da katako, na sassauta notocin taya tun motar na ƙasa. Na farkon ya ƙi motsi sai da na hau kan sifanar da ƙafa biyu. Na ɗaga da jak, na jawo ƙafafun ƙarfe.

"Bar wannan wahalar," in ji Injiniya. "Jak kaɗai ya isa, aikin minti nawa ne?"

"Kaina zan sa a ƙarƙashi, Baba."

"Kanki mai tsada."

"Guda ɗaya gare ni."

Umma ta yi dariya ta toshe baki da gefen zani.

Aikin ya fi yadda na zata ƙazanta. Da na kwance tiyon da ke kai wa gidan birkin mai, man ya bi hannuna har gwiwa, na tara masa tsohuwar roba don kada ya taɓa fenti ko ya gangara kwata. Gidan birkin ya fi dutsen niƙa nauyi a hannuna. Na juya bayansa, na goge da tsumma, ga alamar hagu ɓaro-ɓaro a kan wanda na ciro daga dama. Na ajiye shi a kan kwali, alamar tana kallon bencin Yaya. Bai duba ba, ko kuma ya duba lokacin da na sunkuya.

A cikin kwalin da gidajen birkin suka zo na tarar da sababbin zobban tagulla, waɗanda ake sa wa bakin tiyo don kada ya yi yoyo. Suna cikin ledarsu, ba a ko yaga ta ba. Tsofaffin suka mayar. Na mayar da kowane gidan birki gefensa na asali, na sa sababbin. Na ɗaure ƙusoshin da doguwar sifanar da Yaya ya aro, mai yin ƙas idan ɗauri ya kai, bayan na saita ta a lambar da littafin ya ce. Farcena biyu sun karye, wani ƙarfe ya yanke ni a bayan hannu. Yanzu notocin biyu suna kallon sama.

Sai na tsaya. Fitar da iska aikin mutum biyu ne, ɗaya a ciki yana taka feda, ɗaya a ƙasa yana kwance noti yana ɗaurewa. Na dubi Yaya, ya ɗauke kai. Na dubi Injiniya, ya ce, "Ni gwiwata ta gaji da aikin banza tun safe."

"Me ake yi?" in ji Umma.

"Takawa kawai, Umma. Amma sai an bi abin da na ce daidai."

"Shekara ashirin da biyar kina bin nawa. Buɗe min."

Umma ba ta taɓa zama a kujerar direba ba. Na matso mata da kujerar gaba har ƙarshe, ta cire silifa, ta kama sitiyari da hannu biyu kamar za a ƙwace.

"Wanne ne?"

"Na tsakiya."

"In na taka ba za ta tashi ba?"

"Makullin yana aljihuna."

"Haka ne fa."

Na cika tulun man birki, na sa siririn tiyo a bakin notin, ɗaya bakin cikin kwalba mai ɗan mai.

"Taka, Umma. Sau uku. Riƙe!"

"Na riƙe."

Na kwance notin. Kumfa ta biyo tiyon, manya manya, suna tashi cikin kwalbar ɗaya bayan ɗaya. Na ɗaure.

"Saki."

"Na saki. Ke, abin ya gudu ƙasa da ƙafata!"

"Haka ake so. Taka kuma."

Injiniya ya miƙe ya zo ya tsuguna kusa da ni yana kallon kwalbar. "Ai dama na ce akwai sauran iska," in ji shi.

Muka yi ta yi. Taka, riƙe, saki. Sau ɗaya Umma ta saki kafin in ɗaure, ta mayar mana da aiki baya, ta ce laifina ne da nake magana kamar mai ciwon haƙori, in ɗaga murya. Na ɗaga. Ban taɓa jin muryata ta cika tsakar gidanmu haka ba. 'Yan matan Yaya suka fito suna maimaitawa a bayana, "Riƙe, Kaka! Saki, Kaka!" Ina tashi ina ƙara mai a tulu don kada ya ƙare ya sake shan iska. Na bi tayoyin huɗu, har man ya riƙa fita garau babu ko ƙwayar kumfa.

"Auta," in ji Umma, "abin nan ya ƙi tafiya. Kamar na taka dakali. Na ɓata ne?"

"Ba ki ɓata ba."

Na duba bakin kowane tiyo da busasshen tsumma, babu danshi. Na mayar da tayoyi, na sauke motar, na ƙara ɗaure notocin. La'asar ta yi. Na juye tsohon man a galan na rufe, don a kai inda ake karɓar irinsa. Sannan na tsaya gaban Yaya.

"Saura a gwada ta a hankali a cikin layi. Gobe da sassafe a kai ta ofis su duba da idonsu. Ba na son hatimin wanda bai gan ta ba."

"Wannan layin nasu kuwa," in ji Injiniya, "sai ku kai azahar."

Umma ta sauko tana neman silifarta da ƙafa. "Mu kai azahar ɗin. In sun ba da takarda mu tafi. In ba su bayar ba, ƙanwata ta san lambar wayata." Ta dubi Yaya. "Kai kuma tashi ka taka ka ji."

Ya daɗe bai motsa ba. Sannan ya tashi, ya shiga, bai ko mayar da kujerar baya ba, gwiwoyinsa sun tokare sitiyari. Ya taka sau ɗaya. Fedar ta tsaya a sama. Ya danne ta da ƙarfi, ya riƙe, yana jira ta nutse. Ina kallon jijiyar wuyansa. Ba ta nutse ba.

"Baba, Kaka ce ta gyara!" in ji ƙaramar 'yarsa.

Ya fito ya rufe ƙofar a hankali. Ya je famfo ya wanke hannunsa, duk da babu abin da ya taɓa tun azahar. Ya share su a jikin wando, ya buɗe ƙaramar ƙofar get, ya fita a ƙafa, bai nemi makullin ba.